Abin Da Ɗalibi Yake Koya Bayan An Tashi Daga Aji

Karatu: Daniyel 1:1-21, Ayyukan Manzanni 6:1-7

 

Kwanan baya wata uwa ta tare ni a ƙofar majami'a bayan sujada, tana murna ƙwarai. Ta ce, "Baba Fasto, taya ni godiya. Yaron nan ya sami shiga kwalejin ikkilisiya. Yanzu hankalina ya kwanta, tun da yake yana hannun masu bi." Na taya ta godiya, gama na san sai da ta sayar da masara da akuya kafin kuɗin makaranta ya cika. Sa'an nan na tambaye ta, na ce, "Mama, da wa yake kwana ɗaki ɗaya? Wace ƙungiya ya shiga? Ina yakan je ran Asabar da yamma?" Ta yi shiru. Ta ce ita dai abin da takan tambaye shi biyu ne, ko yana cin abinci, da ko ya ci jarrabawa.

Bari mu yi ɗan lissafi tare. Mako ɗaya awa 168 ne. A ce ɗalibi ya yi awa 20 a cikin aji. A ce kuma yana barcin awa 7 kowane dare, wato awa 49 ke nan. Saura awa 99. Waɗannan awoyi, a ɗakin kwana ake yinsu, da ɗakin cin abinci, da filin ƙwallo, da wurin koyon waƙa, da gindin mangwaro inda ake hira, da kuma kan wayar da ke hannunsa. Malami ba ya wurin. Abokai ne suke wurin. Saboda haka abin da nake so mu duba yau shi ne wannan makaranta ta biyu, wadda ba a ba da takardar shaida a kanta, amma ita ce takan fi gina halin mutum ko ta rushe shi.

Waɗanne Ƙungiyoyi Ne Waɗannan?

Domin iyayen da ba su taɓa zama a irin wannan makaranta ba, bari in bayyana yadda abin yake. Ko kwalejin tauhidi ce, ko makarantar Littafi Mai Tsarki, ko jami'ar da ikkilisiya ta kafa, kamar Jami'ar Bingham ta Karu da ECWA ta kafa a 2005, za ku tarar da ƙungiyoyi kusan iri huɗu.

Akwai majalisar ɗalibai, wadda ɗalibai da kansu suke zaɓa. Tana da shugaba, da sakatare, da ma'aji, da mai lura da abinci, da mai lura da wasanni, da mai shirya sujada. Ita ce bakin ɗalibai a gaban hukumar makaranta. In famfo ya lalace ko tuwo ya ragu, su ne masu kai kuka.

Akwai ƙungiyoyin hidima: mawaƙa, da masu addu'a, da masu wasan kwaikwayo, da masu fita wa'azi a ƙarshen mako zuwa ƙauyuka da asibiti da gidan yari, da masu koyar da yara a makarantar Lahadi. A makarantun da ake karɓar ɗalibai da iyalansu akwai kuma zumuntar matan ɗalibai, wadda sau da yawa ita ce take riƙe gidajen nan sa'ad da kuɗi ya ƙare a tsakiyar zangon karatu.

Akwai ƙungiyoyin motsa jiki da na ilimi, irin su ƙwallo, da muhawara, da masu rubuta jaridar makaranta.

Na huɗu su ne ƙungiyoyin 'yan gida ɗaya, wato waɗanda suka fito daga ƙabila ɗaya, ko jiha ɗaya, ko ɗarika ɗaya. Za mu koma kansu, gama a nan ne albarka da haɗari suke kwana ɗaki ɗaya.

Ba Yau Aka Fara Ba

Karatunmu na fari ya nuna mana samari huɗu a makarantar sarki a Babila, karatun shekara uku. An sāke musu sunaye, an koya musu harshe da littattafan Kaldiyawa, an sa musu abincin sarki a gaba. Daniyel ne ya fara ƙudurta a ransa ba zai ƙazantar da kansa ba, amma sa'ad da aka yi gwajin kwana goma, su huɗu ne suka ci ganyaye suka sha ruwa tare. A sura ta biyu kuma, da hukuncin kisa ya fito a kan masu hikima duka, Daniyel ya koma gida ya faɗa wa Hananiya da Mishayel da Azariya, ya ce su roƙi jinƙan Allah tare da shi. Ga ƙungiyar ɗalibai ke nan, ta mutum huɗu, ba ofis, ba ma'aji. Ubangiji Yesu ma da ya zaɓi sha biyun nan, Markus ya ce abu na fari shi ne su kasance tare da shi, daga baya ya aike su. A kan hanya da wurin cin abinci suka koyi rabin abin da suka koya.

Tarihin ikkilisiya ya maimaita wannan. A 1729, a Jami'ar Oxford ta Ingila, 'yan'uwa biyu, Charles Wesley da John Wesley, tare da abokai kaɗan, suka riƙa taruwa domin addu'a da nazarin Sabon Alkawari. Daga baya suka ƙara da ziyarar marasa lafiya da 'yan kurkuku. Sauran ɗalibai suka yi musu ba'a saboda yadda suka tsara kowace awa ta ranarsu, daga cikin sunayen ba'ar nan ne sunan Metodis ya fito. A 1806 kuma, a Kwalejin Williams ta Amurka, ɗalibai biyar sun fita yin addu'a a fili, sai hadiri ya taso, suka fake a gindin tarin busasshiyar ciyawa. A nan Samuel Mills ya sa musu nauyin al'umman da ba su ji bishara ba. Bayan shekara huɗu, a 1810, aka kafa hukumar farko ta aika masu bishara ƙasashen waje daga Amurka, a 1812 kuma na farko suka tashi.

Mu ma a ƙasarmu muna da namu labarin. A Gindiri, inda mishan na SUM ya kafa makaranta tun 1934, a nan aka fara Zumuntar Ɗalibai Masu Bi, wadda kowa ya sani da FCS, a 1957. Daga wannan ƙaramin mafari ta bazu zuwa makarantun sakandare da kwalejoji na Arewa duka. A 1968 aka kafa NIFES a Ilori domin ɗaliban manyan makarantu. In kuka tambayi fastoci da dattawa da malaman asibiti na ikkilisiyoyinmu inda suka fara tsayawa gaban jama'a su yi addu'a da ƙarfi, da yawa za su ce muku a taron FCS ne, ƙafafunsu na rawa.

Abin Da Ake Koya A Cikinsu

Abu na fari, a nan ne mutum yake gane cewa jikin Almasihu ya fi ikkilisiyar ƙauyensu faɗi. Ku dubi Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Nijeriya, wadda aka buɗe a 1959, take kuma Bukuru kusa da Jos. Ikkilisiyoyin TEKAN ne suka haɗu suka kafa ta. A can ɗan LCCN daga Numan, wanda aka yi masa baftisma yana jariri, yakan zauna tebur ɗaya da ɗan COCIN wanda aka nutsar da shi a rafi bayan ya girma ya ba da shaida, da ɗan EYN wanda aka nutsar da shi sau uku, wanda kuma ya saba da wanke ƙafafun 'yan'uwa a lokacin jibin ƙauna. Malami zai iya bayyana waɗannan bambance-bambance a allo cikin awa ɗaya. Amma koyon ƙaunar mutumin da yake gani kai ne ka yi kuskure, wannan sai a ɗakin kwana.

Ni kaina na ɗanɗana. Lokacin da nake ɗalibi, maƙwabcina na wata ɗarika ne, na wata ƙabila kuma. Mun yi gardama a kan baftisma har matanmu suka gaji da mu. Wata rana da tsakar dare zazzaɓi ya kama ɗanmu na fari, jikinsa ya fara sanƙarewa. Ba ni da abin hawa, ba ni da ko kwabo. Wannan mutum ne ya fito da kekensa, ya goya matata da yaron zuwa asibiti, ni ina binsu da gudu. Da gari ya waye ya zaga ƙungiyarsu ta addu'a, ya tara kuɗin magani. Har yau ba mu daidaita a kan baftisma ba. Amma tun daga daren nan ban ƙara iya yin maganar ɗarikarsu da reni ba.

Abu na biyu, a nan ne ake koyon riƙon amana. Ma'ajin ƙungiyar mawaƙa wanda ya riƙe 'yan kuɗin gudummawa, ya rubuta kowace naira, ya karanta rahoto a ƙarshen shekara ba tare da an matsa masa ba, shi ne gobe za a ba shi baikon ikkilisiya a kwana lafiya. Wanda kuwa ya koyi cewa "na ara ne, zan mayar," to, ya fara koyon abin da zai kunyata shi a gaban dattawa nan gaba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abu na uku, a nan ne baiwa take fitowa fili. Akwai wanda a aji ba ya buɗe baki, amma in aka je gidan yari ya zauna kusa da ɗan sarƙa, sai ka ga makiyayi na ainihi. Akwai mai ƙoƙari a jarrabawa wanda in an ba shi yara goma ya koya musu, sai ya gane har yanzu bai iya faɗin gaskiya da sauƙi ba. Dukansu biyu sun ƙaru.

Kada kuma mu manta da wasa da dariya. Allah ne ya yi su. Ɗalibin da ba ya ƙwallo, ba ya hira, ba ya cin abinci da kowa, yana cewa shi na ruhaniya ne, yakan fito ya zama fasto wanda jama'a suke tsoron zuwa gidansa. A cikin wannan cuɗanya ce kuma da yawa suka ga wanda za su aura. Ba abin kunya ba ne. Gara saurayi ya ga halin yarinya a wurin aiki da sujada da lokacin fushi, ita ma ta ga nasa, a fili, da sanin mai ba da shawara, da a ce a ɓoye suke saduwa.

Inda Bango Yake Tsagewa

Amma 'yan'uwa, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Sunan Almasihu a kan ƙofar makaranta ba ya hana tsohon hali shiga tare da akwatin ɗalibi.

Tsaga ta fari ita ce ƙabilanci. Ƙungiyar 'yan gida ɗaya tana da amfani. Ita ce take tarbar baƙo a tasha, ta nuna masa inda ake ɗiban ruwa, ta yi masa waƙa da harshen uwarsa ran da kewar gida ta kama shi, ta raka shi in an yi masa rasuwa. Amma in lokacin zaɓe ya zo, sau da yawa ita ce take zama jam'iyya. An taɓa kirana sulhu a wata makaranta, ba zan kama suna ba. Zaɓen shugaban ɗalibai ne ya raba su. Kowace ƙabila ta yi taro da dare ta tsai da nata. Bayan zaɓe, waɗanda suka faɗi suka daina zuwa koyon waƙa, suka ware teburinsu a ɗakin cin abinci. Waɗannan kuwa mutane ne da za su fita su ba da jibin Ubangiji.

Karatunmu na biyu ya nuna cewa ikkilisiyar Urushalima ma ta ga irin wannan. Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana ƙyale gwaurayensu mata wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce ƙarya ne ba, ba su kuma ce a yi shiru domin zaman lafiya ba. Suka ce jama'a su zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima. Ku lura da sunayen bakwai ɗin nan, daga Istifanas har Nikolas, dukansu sunayen Helenanci ne. Ga alama masu rinjaye sun ɗauki maɓallin rumbu sun ba waɗanda suka yi kuka. Ina ɗalibin da zai tashi a taron 'yan garinsu ya ce, "Na wancan gefen ya fi namu cancanta, shi zan zaɓa"? Wanda ya iya wannan yana ɗan shekara 22, ikkilisiya za ta huta a hannunsa yana ɗan shekara 50.

Tsaga ta biyu ita ce son girma. A daren da aka ba da Ubangiji, a kan tebur ɗin jibi, almajirai suna gardamar wane ne babba. Haka yake har yau. Wani yakan kafa sabuwar ƙungiyar addu'a domin kawai ba a zaɓe shi shugaba a tsohuwar ba. In ka ga ƙungiya tana cewa su kaɗai ne suke da Ruhu, tana raina sujadar makaranta, tana hana mutanenta neman shawarar malamai, tana kuma taruwa a inda ba a so a sani, ka ja da baya. Haka kuma duk ƙungiyar da ta ce sai ka yi rantsuwa, ka kuma ɓoye wa iyayenka, ko da wane suna ta zo, ta asiri ce. Abin da yake na haske ba ya tsoron a gan shi.

Tsaga ta uku ita ce yawan hidima. A nan kaina zan kama. A shekarata ta biyu ina cikin ƙungiya biyar. Ina waƙa, ina wasan kwaikwayo, ina fita wa'azi, ina sakatare a wuri biyu. Kowa yana yabona. Da aka yi jarrabawar Helenanci sai na faɗi warwas. Wani tsohon malami ya kira ni, bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, ikkilisiyar da ta aiko ka, gwauraye ne suka sa hatsinsu a kwando domin ka yi karatu. Yaushe rabonka da ka zauna kai kaɗai da Littafi Mai Tsarki, ba domin shirya wa'azi ba?" Na rasa amsa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Na ajiye uku a makon nan.

Tsaga ta huɗu ta fi duka zurfi. Mutum yana iya zama shugaban zumunta bai san Mai Ceto ba. Ku tuna da John Wesley da na ambata. Ya bi da ƙungiyar nan ta Oxford shekaru, yana azumi, yana ziyarar kurkuku, har ya ƙetare teku zuwa Amurka yin aikin bishara. Amma sai a watan Mayu na 1738, a wani ƙaramin taro a London, ya sami tabbaci a zuciyarsa cewa Almasihu kaɗai ya dogara gare shi, an kuma ɗauke zunubansa. Kusan shekara tara ke nan bayan an fara ƙungiyar. Rigar mawaƙa ba ta ceton kowa. Katin zama ɗan ƙungiya ba sabuwar haihuwa ba ne.

Me Za Mu Yi?

Kai ɗalibi, ke ɗaliba, ga shawarata. Ku shiga ƙungiya, kada ku zauna ku kaɗai, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma biyu sun isa: ɗaya inda za a ciyar da ku da Maganar Allah, ɗaya inda za ku yi wa waɗansu hidima. Kafin ku shiga, ku dubi waɗanda suka yi shekara uku a cikinta, ku tambayi kanku ko haka kuke so ku zama, gama zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ku nemi aboki ɗaya aƙalla wanda ba harshenku ɗaya ba, ku ci abinci da shi. Ku sa ido kuma a kan wanda ba ya zuwa liyafa domin ba shi da kuɗin anko ko na gudummawa. In ƙungiyarku ta zama ta masu hali kaɗai, ta rabu da tafarkin Ubangijinta. Zauren hira na WhatsApp ma ƙungiya ne. Abin da ba za ku faɗa a gaban mutum ba, kada ku rubuta shi a bayansa.

Ku iyaye, in yaro ya zo hutu, ku ƙara a kan tambayar jarrabawa. Ku tambayi sunayen abokansa. Ku ce ya kawo ɗaya gida ya kwana biyu. Ku tambaye shi abin da aka yi nazari a zumunta. Ba bincike irin na 'yan sanda nake nufi ba, hira ce ta ƙauna a bakin murhu. Yaron da ya san za a tambaye shi da ƙauna yakan yi tunani sau biyu kafin ya bi taron banza.

Ku dattawan ikkilisiya, ɗalibin da muka aika namu ne har ya dawo. Kada ya ji muryarmu sai ran biyan kuɗi kawai. A aika masa gaisuwa, a ziyarce shi, zumunta a ƙafa take. In ya zo hutu a ba shi aiki, a ga abin da ya koya. Ku malamai kuma, ku buɗe ƙofofin gidajenku. Kofin shayi ɗaya a falon malami ya taɓa juyar da ni, a lokacin da lacca goma ba su yi ba.

Uwar nan da na fara da labarinta ta dawo wurina bayan hutun Kirsimati. Ta ce, "Baba Fasto, na tambaye shi. Yana cikin masu zuwa asibiti ran Asabar. Ya kuma zo da wani yaro, ban ma iya faɗin sunan ƙabilarsu ba, amma ya ci tuwona har ya nemi ƙari." Na ce, "Mama, ci gaba da tambaya, ki ci gaba da addu'a. Saura shekara uku."

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, muna kawo 'ya'yanmu da suke makarantu a gabanka. Kai da ka ba Daniyel abokai uku a baƙuwar ƙasa, ka ba kowane ɗayansu abokan da za su tsaya tare da shi a kan gaskiya. Ka tsare su daga ƙabilanci, da son girma, da hidimar da babu kai a cikinta. Wanda yake cikin zumunta amma bai san ka ba tukuna, ka bayyana kanka gare shi. Ka ba malamansu hikima, ka ba mu iyaye haƙuri da naciya cikin addu'a. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Sai mun sāke saduwa a shiri na gaba, in Ubangiji ya yarda. Salamar Allah ta kasance tare da ku duka.